Kuɗin ajiye mota: Abin da Tambuwal da Kebbe za su duba kafin a buga rasit

Duk wanda ya taɓa ratsa Tambuwal ranar kasuwa ya san yadda babbar hanya ke komawa. Titin da ya taso daga Sakkwato, ya bi ta Boɗinga da Shagari, ya nufi Jega da Yawuri har Kwantagora, sai ya tsuke a cikin gari kamar wuyan gora. Motocin hatsi da na dabbobi sun yi layi a gefen kwalta, 'yan kabu-kabu sun yi cincirindo, masu baro da masu amalanke suna kutsawa, ga tirela ta tsaya inda direbanta ya ga dama don ya yi salla ko ya ci abinci. Mai wucewa zuwa Birnin Kebbi ba shi da abin yi sai danna hon da haƙuri.

A manyan birane, maganin da hukumomi suka fi saurin kawowa ga irin wannan cunkoso shi ne a sa wa tsayuwar mota kuɗi. An gwada a Abuja, ana yi a Legas, kuma muhawara a kai ba ta mutu ba. Tambayar ta fara shafar ƙananan garuruwa ma, domin tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ake ta maganar su tsaya da ƙafarsu, su nemi kuɗin shiga na kansu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma maganar neman kuɗin shiga ba ta jira shi ba. Idan shugaban ƙaramar hukuma ya waiwaya yana neman inda kuɗi ke motsi a gabansa, tasha da bakin kasuwa zai fara gani.

Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta daga 2003 zuwa 2015, don haka an saba ambatonsu tare. Sai dai a kan batun mota da wurin tsayuwarta, halin da suke ciki ya sha bamban ƙwarai, kuma dokar da za ta gyara ɗaya tana iya cutar da ɗayar.

Inda abin ya samo asali

An kafa na'urar karɓar kuɗin ajiye mota ta farko a duniya a birnin Oklahoma na Amurka a watan Yulin 1935. 'Yan kasuwa ne ke kukan cewa ma'aikata na zuwa da sassafe su jibge motocinsu a ƙofar shaguna har yamma, mai saye ya zo ya rasa inda zai tsaya. Manufar farko ke nan: a sa mota ta matsa, wani ma ya samu wuri. Kuɗin da ake tarawa daga baya ya zo.

Masanin da ya fi yin suna a wannan fage shi ne Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, wanda ya rasu a 2025. A littafinsa na 2005 ya yi bayanin cewa wurin ajiye mota na kyauta yana da mai biya, sai dai ba mai motar ba ne. Mai tafiya a ƙasa da aka tura tsakiyar titi ya biya, mai shagon da aka toshe wa ƙofa ya biya, wanda ya ƙona mai a cunkoso ya biya. Shawararsa ita ce a sa farashin da zai bar kusan wuri ɗaya cikin bakwai ko takwas babu kowa a kowane lokaci, sannan a kashe kuɗin a unguwar da aka karɓe shi. Tsohuwar unguwar kasuwanci ta Pasadena ta bi wannan hanya tun 1993: kuɗin ya tafi ga gyaran hanyar masu tafiya a ƙasa, fitilu da shara, kuma 'yan kasuwar da suka fara ƙin tsarin suka dawo suna kare shi.

Rabin farko na shawarar, wato a karɓi kuɗi, shi ne ya iso Najeriya da wuri. Rabi na biyu har yanzu yana hanya.

A Abuja an fara tsarin biyan kuɗin ajiye mota a gefen titi a 2012, aka miƙa shi ga kamfanoni masu zaman kansu. Mazauna birnin ba su manta da ƙarfen da ake garƙame ƙafar mota da shi ba, da tarar da sai an biya kafin a kwance. A Afrilun 2014 Babbar Kotun Birnin Tarayya, ƙarƙashin Mai shari'a Peter Affen, ta soke tsarin saboda babu dokar da ta kafa shi. An sake farfaɗo da shi a 2023, sai kuma Minista Nyesom Wike ya fito a 2024 ya ce haramtacce ne, yana mai cewa yarjejeniyar ta ba 'yan kwangila kashi 80 cikin ɗari, gwamnati kashi 20. Sau biyu ke nan tsarin yana faɗuwa, kuma ko sau ɗaya ba a kayar da shi da hujjar cewa titunan Abuja ba su da cunkoso ba. Doka da rabon kuɗi ne suka kayar da shi.

A Legas kuwa, hukumar LASPA ta jawo ce-ce-ku-ce a 2022 lokacin da ta aika wa kamfanoni takardar neman Naira 80,000 a shekara kan kowane gurbin mota da ke gaban gininsu. Lauya Femi Falana na cikin waɗanda suka ce jiha ta shiga gonar ƙananan hukumomi. Kano ma ta ɗanɗana nata, duk da cewa ba a kan wurin ajiye mota ba ne kai tsaye: a Fabrairun 2021 masu Adaidaita Sahu suka ajiye aiki saboda harajin Naira 100 a kullum da hukumar KAROTA ke karɓa, birnin ya wayi gari mutane na tafiya a ƙasa.

Wa doka ta ba?

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da banɗakunan jama'a, tare da kula da su, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar jerin haraji ta 1998 ita ma ta lissafa kuɗin tasha da tarar ajiye mota ba daidai ba cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa. Wannan dokar ce kuma ta haramta wa kowa, har da jami'in haraji, datse hanya don karɓar kuɗi. Duk direban da ya taɓa kai kaya Kudu ya san matsayin wannan haramci a aikace.

A Tambuwal akwai wani ƙulli. Titin da ake cunkoson a kansa na Gwamnatin Tarayya ne, wanda aka sake ginawa aka buɗe a ƙarshen 2021. Kula da lafiyar zirga-zirga a kansa aikin hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ne da 'yan sanda. Ƙaramar hukuma na da iko a kan tasharta da kasuwarta, amma idan ta tura yara da rasit su tsaya a bakin titin tarayya suna karɓar kuɗi daga duk wanda ya taka birki, ta kama hanyar da Abuja ta bi har kotu. Mafi muni ma, rasit ɗin zai zama lasisin toshe hanya. Direban da ya biya Naira 500 don ya tsaya a gefen kwalta, wa zai ce masa ya matsa? Ya saya.

Nan ne masu goyon bayan tsarin suke yawan tuntuɓe. A birnin da ake misali da shi, ana sa kuɗi ne a gurbin da aka shata, aka tabbatar tsayuwa a cikinsa ba ta tare kowa. Wurin da tsayuwa ke da haɗari kuwa ba a sayar da shi ko nawa ne, hanawa ake yi. Gefen babbar hanya a tsakiyar kasuwa, inda tankar mai ke wucewa dab da mai tallar rake, yana cikin kashi na biyu.

Direba bai taɓa tsayawa kyauta ba

Akwai abin da muhawarar birane ba ta cika lura da shi ba idan aka kawo ta karkara. A Abuja ko Faris, rigimar ta mai motar kansa ce. A 2024 ma mazauna Faris sun kaɗa ƙuri'ar ninka kuɗin ajiye manyan motocin alfarma sau uku, har Yuro 18 a awa a tsakiyar birni. Wannan rigimar masu hali ce. A kudancin Sakkwato mai motar kansa ƙalilan ne. Motocin da ke cika bakin kasuwa na haya ne da na kaya, kuma masu su sun daɗe suna biya.

Direban haya na biyan kuɗin lodi ga 'yan ƙungiya a tasha, ɗan kamasho na cire nasa, ana biyan kuɗin shiga kara idan dabbobi za a ɗauka, ga na masu ɗora kaya da masu saukewa, ga abin da ake miƙawa a shingaye. Ƙungiyar NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ce a aikace ke tafiyar da yawancin tashoshin ƙasar nan, kuma ba a raina aikinta: ita ke tsara layi, ita ke sasanta rigimar direba da fasinja, wurinta ake zuwa cigiyar kayan da aka manta a mota. Amma idan aka tambayi nawa ne daga kuɗin da ake karɓa a tasha ke isa baitulmalin ƙaramar hukuma, a garuruwa da yawa sai a yi ta kallon-kallo.

Saboda haka idan aka ce za a "fara" karɓar kuɗin tsayuwa, abin da direba zai ji shi ne an ƙara hannu na shida a kan biyar da ke aljihunsa. Kuma tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aljihun ba shi da sauran faɗi.

Direba kuwa ba ya haɗiye asara. A ɗauka an ƙara wa motar da ke ɗaukar buhu 40 Naira 2,000 a kowace tsayuwa. Naira 50 ke nan a kan buhu. Kamar ba komai. Amma idan kowace ƙaramar hukuma da ke kan hanya ta ga maƙwabciyarta ta yi ita ma ta yi, kafin albasa ko gero ya isa inda za shi an yi masa wannan ƙari sau goma ko fiye. Dillali zai rage wa manomi a nan, ɗan kasuwa ya ƙara wa mai saye a can. Lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu a Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, yawan harajin kan hanya na cikin koke-kokenta. Kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta shi ma ya ce harajin da ake karɓa a hukumance ya haura iri 60, burin kuma a mayar da su ƙasa da goma. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025. Ƙaramar hukumar da ta ƙirƙiro sabon rasit a wannan yanayi tana tafiya ne gabas alhali ayari ya nufi yamma.

Wannan ƙasa ma tana da dogon tarihi da batun. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja ta Jega suna biyan kuɗin fito da na zango, kuma ba su ƙi ba matuƙar akwai ruwa da tsaro da wurin ɗaure jakai. A ɗaya ɓangaren, cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙ akwai karɓe-karɓen da ake yi wa 'yan kasuwa ba bisa ƙa'ida ba. Mutanen da suka tashi da wannan karatu sun san bambancin ladan hidima da ƙwace, ko da rasit ɗin iri ɗaya ne.

Kebbe ba ta da cunkoson da za ta sayar

Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum kusan 225,000, Kebbe kuma kusan 125,000, alhali Kebbe ta fi faɗin ƙasa. Tambuwal na kan babbar hanya, mota na zuwa mata ko ba ta gayyata ba. Kebbe na ciki, ta yi iyaka da Zamfara, kuma ƙauyukanta na cikin waɗanda matsalar 'yan bindiga ta taɓa a 'yan shekarun nan. Direban da ya yarda ya shiga Kuci ko Margai ɗaukar kaya ya riga ya lissafa lalacewar hanya da tsadar mai da fargabar dawowa bayan la'asar.

A irin wannan wuri abin da ya yi ƙaranci shi ne motar, filin tsayuwa kuwa ga shi nan har ya yi yawa. Hujjar Shoup gaba ɗayanta ta ginu ne a kan ƙarancin wuri, kuma shi da kansa ya ce inda gurabe suke zaune babu kowa, farashin da ya dace shi ne sifiri. Sa wa mota kuɗin tsayuwa a kasuwar ƙauyen Kebbe haraji ne a kan manomi da aka sauya wa suna. Idan motoci biyar ke shigowa ranar kasuwa suka koma uku, dillalan da suka rage su za su yanka farashi yadda suke so, mai buhun gero kuma ba zai iya mayar da shi gida a ka ba.

Idan ma akwai abin da ya kamata Kebbe ta yi da tasha, to jawo direba ne: rumfa, ruwa, da tabbacin cewa rasit ɗaya ya wadatar daga shiga har fita.

Abin da Tambuwal za ta iya sayarwa

Tambuwal tana da abin da direba zai biya da son ransa, kuma ba gefen kwalta ba ne. Direban tirela da ya taso daga Legas ko Ilori zai nufi Sakkwato ko iyakar Illela yana buƙatar inda zai kwana. Rashin tsaro ya sa da yawa ba sa son tafiyar dare, sai su yada zango inda suka ga haske da jama'a. Fili mai shinge a wajen gari, da mai gadi, da fitila, da rijiyar burtsatse, da banɗaki da masallaci, abu ne da yake da farashi a idon wanda ke ɗauke da kayan miliyoyi. Masu abinci da masu shayi da masu faci da makanikai za su bi shi can da kansu, kamar yadda Mararrabar Jos da Tafa suka rayu a kan manyan motoci. Waɗannan garuruwa biyu kuma darasi ne ta ɗaya fuskar, domin an ga abin da ke faruwa idan aka bar tireloli suka mayar da babbar hanya ɗakin kwana.

Tsarin aikin shi ne muhimmi. Fili tukuna, sannan hani, sannan kuɗi. Idan aka fara da kuɗi, ba za a taɓa gina filin ba, domin an riga an samu abin da ake nema. Idan aka fara da hani babu fili, an buɗe wa masu kaki sabuwar hanyar na-goro. Ranar kasuwa ma haka: a ware wurin lodi da sauke kaya a bayan kasuwa, mai awa ɗaya ya biya kaɗan ko ya wuce kyauta, wanda zai yini ya biya na yini.

Akwai masu cewa ko an yi hakan kuɗin zai zurare, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Rasit na bogi, littafi biyu, yaron wane da aka ba tasha ladan wahalar zaɓe, duk ba baƙin abubuwa ba ne. Maganin da aka sani ba ya wuce a rubuta farashi da manyan baƙaƙe a allo a ƙofar fili, da boko da ajami, a kafa shi da dokar da kansiloli suka zartar a zaman majalisa, a kuma riƙa liƙa abin da aka tara duk wata a inda direba zai gani. Masu POS sun cika kowace kasuwa yanzu, don haka biya ta asusu ba gagara ba ne, ko da yake yankin ya san ɗaukewar sabis, kuma dole a bar ƙofar tsabar kuɗi a buɗe.

Sai kuma batun da ba a son faɗa a fili: 'yan ƙungiya. Duk tsarin da ya zo da niyyar ture su zai gamu da yajin aiki a makon farko. Duk wanda kuma ya miƙa musu komai ba tare da lissafi ba, ya koma gidan jiya. Abin da ya rage shi ne rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi kason kowa, wadda sarkin tasha da shugabannin 'yan kasuwa da masarauta suka shaida. Rabon 80 da 20 na Abuja ya daɗe a takarda kafin jama'a su ji shi daga bakin minista. A gari kamar Tambuwal, inda mai karɓar kuɗi da mai biya za su haɗu a sahu ɗaya da magariba, ɓoye irin wannan rabo ba zai kai mako ba.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tambaya ba idan ana wannan lissafi: masu tallar da ke rayuwa a kan motar da ta tsaya. Mai ƙosai, mai tsire, yarinya mai fura, duk cinikinsu na bakin titi ne saboda a nan fasinja yake. Idan aka kwashe motoci zuwa sabon fili aka bar su a baya, ko aka ce sai sun sayi rumfa da kuɗin da ba su da shi, za su dawo bakin kwalta, direbobi kuma su biyo su, domin direba na tsayawa ne inda abinci yake. Wurin zamansu a cikin filin yana buƙatar shiga zane tun kafin a kafa tubalin farko.